Haƙƙin Mai Karatu Tsakanin Doka da Yarjejeniya

1.0 Gabatarwa

Dokar haƙƙin mallaka ta bai wa marubuci da maɗaba'a ikon hana kwafar aikinsu, amma kuma ta bar wa jama'a wata ƙofa, wato damar tsakuro ɗan yanki don nazari ko sharhi ko koyarwa ba tare da neman izini ba. Wannan dama ita ake kira halattaccen amfani. Manufar wannan maƙala ita ce bin tarihin muhawarar da aka yi a kan ko maɗaba'a na da ikon toshe ƙofar ta hanyar sharaɗin da ta gindaya wa mai saye.

2.0 Shari'o'in Amurka

Mai Shari'a Joseph Story ne ya aza harsashin wannan ƙa'ida a Amurka cikin 1841, sa'an nan majalisa ta shigar da ita sashe na 107 na dokar 1976. Tun kafin hakan, masu ɗab'i sun gwada ɗaure mai saye da sanarwa. Kamfanin Bobbs-Merrill ya kai ƙarar masu kantin Macy's saboda sun sayar da wani littafinsa ƙasa da dala ɗaya, alhali an buga a cikinsa cewa kada a yi haka. A 1908 Kotun Ƙoli ta ce sanarwa kurum ba ta ɗaure wanda bai ƙulla yarjejeniya ba. Sai dai ba ta yanke hukunci kan abin da zai faru in akwai yarjejeniyar ba.

Ta wannan kafa ce masu manhajar kwamfuta suka bi, suka daina cewa sun sayar, suka koma cewa lasisi suka bayar. A shari'ar ProCD da Zeidenberg ta 1996, kotun ɗaukaka ƙara ta amince da sharuɗɗan da aka cusa cikin kwalin kaya, bisa hujjar cewa haƙƙin mallaka kowa yake hawa, ita kuwa yarjejeniya waɗanda suka ƙulla ta kaɗai take ɗaurewa. A 2003, cikin shari'ar Bowers da Baystate, wata kotun ta yarda mutum yana iya sarayar da halattaccen amfani ta irin wannan sharaɗi. Mai Shari'a Dyk bai yarda ba, domin a ganinsa sharaɗin da ba a yi ciniki a kansa ba, kuma ya hau kan duk mai saye, ya yi kama da doka wadda kamfani ya kafa wa kansa.

3.0 Matakin Majalisu

Wasu ƙasashe ba su bar wa kotu maganar ba. A 2014 Birtaniya ta gyara dokarta, ta hana zartar da duk sharaɗin da ya toshe tsakure ko kwafa don bincike. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ita ma ta soke irin waɗannan sharuɗɗa.

4.0 Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa damar da doka ta bayar tana iya salwanta matuƙar majalisa ba ta kare ta daga yarjejeniya ba. Batun ya shafi ɗakunan karatu na jami'o'i kai tsaye, tun da yawancin mujallun intanet da lasisi ake samun su. Saboda haka ya kamata a duba dokar ƙasar da lasisin ya ce za a bi kafin a sa hannu.