Ƙaramar Lhasa: Kwana Shida A Masaukin Amala

 Yau arewacin Indiya za mu nufa, wani ɗan gari da ke maƙale a jikin duwatsun Dhauladhar a jihar Himachal Pradesh, ana ce masa McLeod Ganj. Na taɓa kwana shida a can lokacin wani hutu. Iska na je sha, zafin Delhi ya ishe ni, sai na dawo da tarihi fal kai.

Motar dare na shiga daga Delhi, wajen awa 12. Gari na wayewa na sauka da 'yar rigata mara kauri, sai sanyi ya ce salamu alaikum. Tsayin wurin ya kusa mita 2,000. Masaukin da na samu ƙarami ne, hawa uku, kuma kafin ka kai ƙofar sai ka taka matakala har numfashi ya gagara. Mai gidan wata dattijuwa ce 'yar Tibet, kowa Amala yake kiran ta, wato Mama cikin girmamawa. Gargaɗinta na farko: kar in kuskura in bar taga a buɗe, saboda birai. Ban ji ba. Ayabata ta tafi.

Washegari ta ba ni shayinsu. Jama'a, shayi ne da man shanu da gishiri. Na kurɓa, na ɗaure fuska irin ta baƙon kirki, ita kuwa tana ta dariya. A wurin shan shayin nan ne na yi tambayar da ta jawo wannan shirin. Na ce, Amala, wane gari ne naku a Tibet? Ta faɗi sunan yankin iyayenta a gabashin ƙasar, sannan ta ce ita ba ta taɓa ganin wurin ba. A cikin tanti aka haife ta, a sansanin masu aikin hanya a Indiya.

To bari mu koma baya kaɗan. Garin nan asalinsa na Turawan Ingila ne. Sun karɓe yankin, suka kafa barikin soja a Dharamsala a 1849, suka riƙa hawowa gudun zafi. Sunan ma na Donald McLeod ne, wani gwamnan Punjab. Akwai wata coci ta 1852 a cikin dajin da ke gefen gari, kuma a harabarta aka binne Lord Elgin, babban wakilin Sarauniya a Indiya, wanda ya mutu a nan a 1863. Sai ranar 4 ga Afrilu, 1905, girgizar ƙasa ta Kangra ta kashe mutum wajen 20,000, ta rushe garin. Da Indiya ta samu 'yanci a 1947, Turawan da suka rage suka tattara. McLeod Ganj ta zama kusan kufai.

A can bayan Himalaya kuma wani abu na dahuwa. A Oktoban 1950 sojojin China suka shiga Chamdo. A Mayun 1951 aka sa hannu kan yarjejeniya mai sharuɗɗa 17 a Beijing. China ta ce Tibet yankinta ce tun fil azal, kuma ta zo 'yantar da talakawa ne daga bautar masu filaye. 'Yan Tibet da ke gudun hijira suka ce mamaya ce, kuma tilasta wa wakilansu aka yi. Har yau a kan wannan ake ja.

Ranar 10 ga Maris, 1959, dubban mutanen Lhasa suka kewaye fadar Norbulingka, suna tsoron za a sace shugabansu, Dalai Lama na 14. Shekararsa 23 kacal. Daren 17 ga wata ya sa kayan soja, ya saɓa bindiga, ya sulale cikin duhu. Mako biyu suna keta duwatsu, ranar 31 ga Maris suka taka ƙasar Indiya. Firaminista Nehru ya ba shi mafaka, ya zauna a Mussoorie kamar shekara guda, sannan a ƙarshen Afrilun 1960 aka kawo shi wannan kufan da Turawa suka bari. Mutum wajen 80,000 suka biyo bayansa.

A nan ne labarin Amala ya shigo. Ka ɗauki mutumin da aka haifa a tudun da ya haura mita 3,500, ka sauke shi a zafin Indiya. Tarin fuka da gudawa suka yi ta kwasar su. Aikin da aka samar wa da yawansu shi ne fasa dutse ana gina hanyoyi a tsaunuka, mata da goyo a baya. A Mayun 1960 aka kwaso yara 51 daga irin waɗannan sansanoni aka kawo Dharamsala, yayar Dalai Lama, Tsering Dolma, ta karɓe su. Wannan gidan renon ne ya zama makarantar da ake kira Tibetan Children's Village. Amala ta ce a can ta girma, iyayenta sai a yi watanni ba ta gan su ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mutanen nan ba da niyyar zama suka zo ba. Amala ta ce mahaifiyarta ta daɗe ba ta yarda an sayi kaya masu nauyi ba, don kar su yi wahalar ɗauka ranar komawa. Amma a haka suka kafa majalisa a 1960, asibitin maganin gargajiya a 1961, ɗakin adana littattafai a 1970. A 2011 Dalai Lama ya sauka daga shugabancin siyasa, ya bar wa wanda aka zaɓa da ƙuri'a. Gwamnati ce sukutum, sai dai ba ƙasar da ta amince da ita a hukumance, har Indiyar da ta sauke su.

A daren ƙarshe ta ɗauko mini wata 'yar takarda, RC suke ce mata, shaidar rajistar baƙo da ake sabuntawa lokaci zuwa lokaci. An haife ta a Indiya, ta tsufa a Indiya, a takarda baƙuwa ce. Alhali a 2010 babbar kotun Delhi ta yanke cewa 'yan Tibet da aka haifa a Indiya daga 26 ga Janairu, 1950 zuwa 1 ga Yuli, 1987 'yan ƙasa ne. Wato ko gobe za ta iya neman fasfo, amma sai ta miƙa RC ɗin. Na ce, Amala, to me kike jira? Ta ce ran da kowa ya karɓa, wa zai rage ya ce an kore shi daga gida?

Ɗanta bai ga haka ba. Yana Toronto, shekara da shekaru, kuma yana son ta je. Ni dai ban iya cewa wannan ne mai gaskiya ba, ina zaune a gidan da take haya, fasfo ɗina na cikin aljihu. Tun bayan 2008 China ta tsaurara iyaka, masu tsallakowa da a da suke kai dubbai a shekara sun koma 'yan ƙalilan, samari kuma na ta ficewa Turai da Amurka. Ta ce layinsu duk tsofaffi ne suka rage, sai masu yawon buɗe ido.

Da asuba na sauko da jakata, na tarar har ta riga ni fita, ta tafi zagayen wurin ibadarsu kamar kullum. Ta bar mini burodi a nannaɗe cikin jarida a kan teburi, da shayi a filas. Na sukari ne wannan karon.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.