Muhawarar Masanan Yunan a kan Gauraya da Girma

Idan aka zuba zuma a ruwa aka dama, ina zumar ta tafi? Idan yaro ya ci gurasa, ta yaya gurasa ke zama tsoka da ƙashi? Masanan Yunan sun yi fiye da shekara 600 suna jayayya a kan waɗannan tambayoyi biyu, domin amsarsu ita ce za ta nuna ko abu yana sākewa da gaske, ko kuwa ido ne kaɗai ke ruɗuwa.

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Emfedokilis mutumin Sisili ya ce tushen kome huɗu ne, watau ƙasa da ruwa da iska da wuta. Ba su ƙaruwa, ba su halaka, sai haɗuwa da rabuwa. Anaksagoras kuwa ya ga ba yadda gashi zai fito daga abin da ba gashi ba, saboda haka ya ce cikin kowane abu akwai rabon kowane abu: tsoka da ƙashi suna ɓoye cikin gurasa tun ba a ci ta ba. Dimokuriɗis na Abdera ya ce duniya ƙwayoyi ce da ba su tsaguwa, da sarari tsakaninsu. A ganinsa gauraya jeruwa ce kawai, kamar alkama da sha'ir a mudu ɗaya.

Arisɗo, wanda ya rayu daga 384 zuwa 322, bai yarda ba. Ya ce in haka ne, mai kaifin ido zai ga babu gauraya sam. Gauraya ta gaskiya ita ce wadda kowane ɓangarenta, kome ƙanƙantarsa, daidai yake da sauran. Abubuwan da aka haɗa ba su nan a fili, amma ba su halaka ba, ƙarfinsu yana nan. Sai dai in ɗaya ya rinjayi ɗaya ƙwarai, kamar ɗigon ruwan inabi cikin ruwa mai yawan gaske, to, ɗigon ya zama ruwa ke nan. Game da girma kuwa, ya ce abinci yana shiga jiki yana fita kamar ruwan da ake awo da ma'auni guda. Siffa ce ke wanzuwa, ita ce ke girma ta kowane gefe.

Kirisifus, shugaba na uku na makarantar Sitowa a Atina, wanda ya rasu wajen shekara ta 206, ya ce ɗigon nan yana iya ratsa teku duka, ya kuma zauna da halinsa. Hujjarsu ita ce soson da aka shafa wa mai yana iya raba ruwa da ruwan inabi bayan an gauraya su. Ba don inabi suka dage ba. Sun ɗauka rai jiki ne, kuma akwai wani numfashi mai ratsa duniya duka yana riƙe da ita. In jiki ba ya ratsa jiki, dukan ilminsu ya rushe. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Annabi Isa, Iskandar na Afrodisiyas ya rubuta littafi a kan gauraya da girma, ya kare Arisɗo, yana cewa ba shi yiwuwa jiki biyu su cika wuri guda.

An fassara littafin Arisɗo da Larabci a zamanin Abbasiyawa, aka san shi da suna Alkaunu wal Fasad, Ibn Rushd na Kurɗuba ya yi masa sharhi a ƙarni na 12. Likitocin Musulmi kuma suka karɓi zancen ɗabi'u huɗu daga Jalinus, watau zafi da sanyi da danshi da bushewa, suna kiran gaurayarsu mizaji.

Bayan da Dalton ya fito da bayaninsa na ƙwayoyi a 1808, sai ra'ayin Dimokuriɗis ya sami rinjaye: zuma cikin ruwa jeruwar ƙwayoyi ce. Amma fa gishirin miya daga wani ƙarfe mai ƙuna da wata iska mai guba yake samuwa, ba ya kuwa kama da ko ɗayansu, ga shi kuma ana iya raba shi a sake samun su. A nan maganar Arisɗo ba ta faɗi ƙasa ba.