Gidan Deshler-Morris

Gidan Deshler-Morris tsohon gida ne a unguwar Germantown ta birnin Philadelphia, a jihar Pennsylvania ta Amurka. Shi ne gida mafi tsufa da har yanzu yake tsaye cikin gidajen da suka taɓa zama fadar shugaban Amurka.

Wani ɗan kasuwa, David Deshler, ya gina shi a 1752, sannan ya ƙara masa babban sashe mai hawa uku a 1772. A 1793 annobar zazzaɓin shawara ta hallaka mutum kusan 5,000 a Philadelphia, wadda ita ce fadar gwamnati a lokacin. Saboda haka Shugaba George Washington ya kama hayar gidan daga hannun Isaac Franks a watan Nuwamba, kuma a nan ya riƙa zama da ministocinsa, ciki har da Thomas Jefferson da Alexander Hamilton. Washington ya dawo gidan tare da iyalinsa a 1794 don guje wa zafin birni. Abin mamaki, Janar William Howe, abokin gābarsa a yaƙin neman 'yanci, ya taɓa sauka a gidan a 1777.

Iyalin Morris, waɗanda suka mallaki gidan daga baya, sun miƙa shi ga gwamnati a 1948, aka mai da shi gidan tarihi.