Kundin Ɗalibi da Tarihin Ƙauye: Darasi Daga Batsari da Safana

Duk wanda ya bi diddigin rubutun Hausa na boko zai tarar cewa gasa da kyauta su ne suka yi masa ungozoma. A 1933 ne Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta sa gasar ƙagaggun labarai wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda a lokacin yake koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasar kamfanin NNPC ita ta fito da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina a 1980, ta gwamnatin tarayya kuma ta ba mu Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982. Ko a baya-bayan nan, gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta zaburar da mata marubuta masu ɗimbin yawa. Ashe dai yaba kyauta tukuici, marubuci kuwa in an yaba masa sai alƙalaminsa ya ƙara kaifi.

To, amma akwai wani nau'in rubutu da ya daɗe yana yi wa al'umma hidima ba tare da an buga masa tambari ba, wato kundin da ɗalibi kan rubuta a shekararsa ta ƙarshe kafin a ba shi digirin farko.

Al'adar rubuta kundi ta shigo Arewa ne tare da jami'a. An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ta Sakkwato a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977. A Sashen Tarihi na Zariya, Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya assasa Gidan Arewa na Kaduna a 1970, ya dage a kan cewa tarihin ƙasar nan yana cikin rubuce-rubucen malamanmu na Larabci da ajami, da kuma bakin dattawa, ba a rahoton Turawan mulki kaɗai ba. Ɗalibinsa, marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ya nuna yadda ake aikin. Ya zaga garuruwan ƙasar Katsina har ya ƙetara Maraɗi yana hira da tsofaffi, ya kammala kundin digirinsa na uku a 1974, aka buga shi a 1981 da sunan The Transformation of Katsina, 1400–1883. Ɗalibai na ƙasa da shi suka bi sawu. A sassan Tarihi da Hausa, sau da yawa ɗalibi kan koma garinsu da littafi da rakoda, ya zauna gaban maroƙa da makaɗa da masu unguwanni, ya rubuto tarihin kafuwar gari, ko na wata sarauta, ko na wata sana'a kamar ƙira da jima.

Domin mu ga darajar wannan aiki, bari mu ɗauki Batsari da Safana, a yammacin Jihar Katsina. Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi Katsina a zamanin jihadi, wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafa Maraɗi, daga nan aka shafe kusan dukan ƙarni na 19 ana kai wa juna hari. Garuruwa irin su Ruma, da ke ƙasar Batsari a yau, suka zama bakin daga, kuma har yanzu ana tuna Ɗanwaire, jarumin da sunansa ya haɗu da na Ruma a ƙarshen wancan ƙarni. Sarautun yankin ma tarihi ne a kan kansu, domin hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Ga kuma Dajin Rugu, wanda manoma da makiyaya da mafarauta suka rayu a gefensa shekara da shekaru, kowa da labarin yadda kakanninsa suka zo, da inda burtali ya bi, da wanda ya haƙa rijiyar farko. Manyan littattafai sun fi kula da birni da fada. Irin waɗannan ƙananan labarai kuwa, in ba a ƙwaƙwalwar dattijo ba, to sai a kundin ɗan garin da ya je jami'a.

Masu iya magana sun ce kowa ya daɗe ya ga daɗau. Dajin da ya ciyar da jama'a shi ne daga baya ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutane kimanin 30 a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na ƙasar Batsari, a 2021 kuma har layukan waya aka rufe a yankin na wani lokaci saboda tsaro. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun yi hijira zuwa cikin Batsari da birnin Katsina. Dattijon da ya bar kufansa bai ɗauko komai ba sai abin da ke kansa, ranar da Allah ya karɓi abinsa kuwa shi ke nan. Saboda haka hirar da wani ɗalibi ya yi da wani tsoho a 1985 tana iya zama ita kaɗai ce shaidar da ta rage ta yadda aka kafa wani ƙauye da yau babu kowa a cikinsa.

Ina waɗannan kundaye suke? Galibi akan ɗinke kwafi uku ko huɗu, a ba da maki, a jera su a kanta a ɗakin karatun sashe, ƙura ta lulluɓe, gara da yoyon damina su yi nasu aikin. Kyaututtukan da jami'o'inmu kan raba ranar yaye ɗalibai yawanci na wanda ya fi kowa maki ne a jarrabawa. Wanda ya sha rana a kan hanyar Runka ko Wagini yana neman mai ba shi labari, ba safai ake kiran sunansa ba. Ɗalibin da ya ga haka, me zai hana shi kwafe kundin wani ya huta?

A wasu jami'o'in Amurka, alal misali ta Kalifoniya da ke Bakli, ɗakin karatu da kansa ne ke ba da kyautar shekara-shekara ga ɗalibin digirin farko da ya fi iya bincike. Ba sakamakon kaɗai ake dubawa ba. Ana sa ɗalibi ya bayyana yadda ya nemo hujjojinsa da yadda ya tantance su, sa'an nan a adana aikin inda kowa zai iya karantawa. Wannan dabara ba ta fi ƙarfinmu ba. Ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da aka kafa a 2006, ga ta Tarayya da ke Dutsin-Ma, maƙwabciyar Safana, da aka kafa a 2011. Ɗakunan karatunsu za su iya ware kyauta ga kundi mafi inganci a kan tarihin karkara, su ɗauki hoton tsofaffin kundaye su zuba a kwamfuta, su kuma karɓi faifan hirarraki su adana tare da rubutun.

Mu ma marubuta muna da namu kason. Ƙungiyarmu za ta iya ɗaukar nauyin irin wannan kyauta ko da ƙarama ce, ta kuma riƙa buga taƙaitaccen kundin da ya yi nasara a wannan mujalla. Mai sha'awar rubuta ƙagaggen labari na tarihi kuwa, ya tuna cewa Malam Bello Kagara daga yaƙe-yaƙen zuwan Turawa ya ɗebo tubalin Ganɗoki. Tubali irin wannan yana nan jibge a kantocin jami'o'inmu, yana jiran mai kakkaɓe ƙura. Allah ya kawo wa mutanen Batsari da Safana zaman lafiya mai ɗorewa, ya mai da su gidajensu, amin.