Kwalin Kawu: Yadda Muryar Makaɗan Fada Ta Shigo Gidajenmu



A hutun daminar da ta wuce na koma gida Tasawa, sai kawuna ya sa ni kwashe masa shirgi daga wani ɗaki da ya fara yoyo. A ƙarƙashin gado na ci karo da wani kwali cike da kaset, kowane da suna a bayansa an rubuta da biro, wasu da boko wasu da ajami: Narambaɗa, Ɗanƙwairo, Sarkin Taushi, Shata, Ɗan Anace. Na ce, "Kawu, waɗannan a zubar ko? Ai duk suna cikin waya yanzu." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗan nan, wa ya ce maka duka suna cikin waya? Tahi ka ɗauko mini rakoda."

Muka sa pil, muka kunna wata waƙar Narambaɗa wadda nake da ita a wayata, na kuma ɗauka na haddace ta. Da aka zo inda tawa take ƙarewa, sai na ji ta kawu ta ci gaba. Ɗiyan waƙa biyu cur, ban taɓa jin su ba. Tun daga ranar nake tambayar kaina: ta wace hanya waɗannan muryoyi suka iso Tasawa, kuma me ya zube a hanya?

Muna da namu kilasik

Akwai wani abokin karatuna a Yamai mai son kiɗan Turawa irin na su Bach da Mozart da Beethoven, wanda ake kira kilasik. Ya taɓa ce mini mu Hausawa ba mu da irinsa. Na ce masa ya koma ya duba tarihin mutanen nasa. Bach ya yi wa wani basarake aiki a garin Köthen na Jamus daga 1717 zuwa 1723. Haydn kuwa ya shafe kusan shekara 30 yana yi wa gidan sarautar Esterházy kiɗa. Makaɗan fada ne su ma, ubangida ke ciyar da su yana tufatar da su. Haka Ibrahim Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa, Amadu. Sarkin ya rasu, makaɗin ya rasu, ga mu kuma muna sauraron waƙar muna gardama a kan ma'anarta. In dai kilasik shi ne kiɗan da ya wuce zamanin ubangidansa, wanda ake koyo shekara da shekaru a hannun gwani, ake kuma natsuwa a saurare shi, to muna da shi.

Bambancin yana wuri ɗaya. Haydn yana rubuta kiɗansa a takarda da alamomi, don haka ko yau ana iya tara makaɗa su maimaita shi. Namu makaɗan ba takarda. Gindin waƙa da ɗiyanta suna cikin kan jagora da ƴan amshinsa, kuma duk ranar da aka rera ta sai an ƙara wani abu ko an rage. Ke nan a wurinmu faifai da kaset su ne littafin. In suka lalace, ba wani wuri da za a koma.

Zamanin da ba a kama murya

Tasawa ba baƙuwar kiɗan sarauta ba ce. Bayan da masu jihadi suka ci Katsina a 1807, zuriyar sarakunan Haɓe ta yo arewa, Ɗankasawa ya kafa mulki a Maraɗi. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma rikicin Ƙaura Hasau ya fitar da Sarki Mijinyawa daga Maraɗi ya zo ya zauna Tasawa. Sarki kuwa ba ya tafiya ba tambari, ba kakaki, ba algaita, ba maroƙa. Amma ba wanda zai iya kunna mana abin da aka busa wa Mijinyawa mu ji.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya sauka Tasawa a watan Janairu 1851. Ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya tara kalmomin Hausa masu yawa. Dorugu, yaron ƙasar Damagaram da ya bi shi zuwa Turai, ya ba J. F. Schön labarai da bakinsa, aka buga su cikin Magana Hausa a 1885. Wani Bajamushen kuma, Rudolf Prietze, ya rubuta waƙoƙin Hausa ya buga a farkon ƙarni na 20. Duk wannan aiki ne babba, sai dai kalmomi suka kama, muryar ta kuɓuce musu. Lokacin da Barth yake Tasawa ma ba a ƙirƙiro na'urar ba, don sai a 1877 Thomas Edison ya yi ta farko mai ɗaukar murya ta maido da ita.

Garmaho da rediyo

Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa a zamanin mulkin mallaka, kayan masu hali ne: sarakuna, manyan ƴan kasuwa da ma'aikatan Nasara. Ana wana shi da hannu, a ɗora allura a kan faifai. Faifan yana juyawa sau 78 a minti ɗaya, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar fiye da minti uku da ƴan kai. Waƙar fada kuwa takan kai minti 15 ko 20, wani lokaci ma sai sarki ya tashi. Dole makaɗi ya datse waƙarsa ta shiga faifai. Wannan shi ne yankan farko da na'ura ta yi wa waƙoƙinmu.

Rediyo ne ya kai muryar makaɗa ga talaka. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyo Nijar a 1958, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Kawu ya ce a ƙuruciyarsu da dare ya yi ana kamo Kaduna tangaran a Tasawa, mutanen unguwa su taru a ƙofar gidan mai rediyo. Ba abin mamaki ba ne da kwalinsa ya cika da makaɗan Najeriya. Iyakar da Faransa da Ingila suka shata ba ta hana iska wucewa ba, ba ta kuma raba zumunci ba. Ko a cikin waƙoƙin Narambaɗa akwai Dokin Iska Ɗan Filinge, kuma Filinge ai tamu ce ta Nijar.

Narambaɗa ya rasu a farkon shekarun 1960. Abin da muke ji nasa yau ɗan abin da aka samu aka ɗauka ne a ƙarshen rayuwarsa. Ku tsaya ku yi tunani: da na'ura ta makara da shekara goma, da Bakandamiyarsa sai dai labari.

A wannan zamanin ne kuma masu bincike suka shigo da nasu na'urori. Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar a farkon shekarun 1960 yana ɗaukar kiɗan maroƙa, kamfanin Ocora na Faransa ya fitar da faifan. David Ames ya yi irin wannan aiki a Arewacin Najeriya, daga baya shi da Anthony King suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. A Yamai kuma cibiyar IRSH da cibiyar CELHTO, wadda tushenta ya faro a 1968, sun tara muryoyin tsofaffi da maroƙa masu yawa. Sai dai mutum nawa daga Tasawa ko Mayahi suka taɓa shiga can su saurara?

Zamanin kaset

Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, amma sai a shekarun 1970 da 1980 ya cika kasuwanninmu. Ƴan ci-rani da fatake masu zuwa Katsina da Kano, ta Maraɗi ko ta Gazawa, su ne suka riƙa dawowa da rakoda a kafaɗa. Kaset ya fi faifai ta fuska uku. Yana da araha. Fuska ɗaya tana ɗaukar minti 30 ko 45, don haka waƙa takan shiga ɗungurungum. Na uku kuma, wanda ya fi muhimmanci, kowa na iya ɗauka da kansa: daga rediyo, daga kaset ɗin maƙwabci, ko a wurin biki.

A nan ne aka samu masu tara waƙa irin su kawu. Ba su je lakkwal sun koyi adana kayan tarihi ba, amma suna da ƙa'idojinsu. Ba a ba da aron uwar kaset, sai dai a kwafa maka. Ba a barin sa a rana ko kusa da lasifika. In zaren ya tsinke a liƙe shi, in ya warware a sa biro a naɗe. Sauraron ma da ladabinsa: bayan sallar isha'i, a kan tabarma, ga shayi, ba mai magana sai waƙa ta ƙare. Daga nan sai a shiga fashin baƙi, wa makaɗi yake yi wa zambo a nan, wane ɗan sarki aka yi wa habaici can. A irin wannan zama suka koyi rarrabe kotson Ɗanƙwairo da taushin Sarkin Taushin Katsina, da kalangun Shata, da kuntigin Ɗan Maraya Jos, da gurmin Haruna Uji.

Kaset ma yana da nasa laifi. Duk kwafin da aka yi daga kwafi sai murya ta ƙara dusashewa. Zafi da ƙura da laima suna cin zaren. Masu shagon kwafi kuma in waƙa ta fi fuskar kaset tsawo sai su guntule ta kawai. Daga irin waɗannan guntulallun ne aka juye da yawa zuwa kwamfuta, daga nan zuwa katin waya, masu tura waƙa a tasha suna zuba wa mutum ɗaruruwa a kan ƴan daloli. Shi ya sa tawa waƙar ta zo ba wutsiya. Na kuma ga waƙar Ɗanƙwairo a waya an sa mata sunan Narambaɗa, mai wayar yana rantsuwa a kai.

Abin da ɗalibin harshe yake ji a ciki

Ga mu masu nazarin harshe, asarar ta wuce ta nishaɗi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali. Gari na zama da gari na tuwo rubutu ɗaya ne, haka kukan yaro da kukar miya. Kunne ne kaɗai yake raba su. Kaset yana riƙe da abin da takarda ta zubar.

Yana kuma riƙe da karin harshe. A bakin makaɗan Gobir da Zamfara za ka ji "sunka" da "munka" inda Bakano zai ce "suka" da "muka", ka ji "tahi" a madadin "tafi", ka ji "wanga" da "wagga". Za ka ji sunayen sarautu da kayan doki da kayan yaƙi waɗanda ko a ƙamus sai an tona. Da yawa cikin waɗannan suna bakin kakanninmu, amma mu da muka tashi da finafinan Kano da Faransancin aji mun fara sakin su. Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗan Maraya a 2015. Ba sauran mai komawa ya tambaye su.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan. Na zazzage kwalin kawu kaf, na samu Ɗan Gurmu na Tawa, wanda aka sa wa gasar waƙa ta ƙasa sunansa tun 1986, na samu Ma'azu Ɗan Alalo na Damagaram. Amma na makaɗan fadar Tasawa kaset ɗaya tak na gani, wanda kawu ya ɗauka da kansa a wani hawan salla, iska tana kaɗa rakodar, dawaki suna haniniya. Na ce, "Kawu, me ya sa ɗaya kawai?" Ya ce, "Su ai kullum muna tare da su, wa zai ɓata kaset?" Mutum biyu cikin waɗanda ke amshi a wannan kaset sun riga mu gidan gaskiya.

Abin da za mu iya

Ba sai mun jira wani ya zo daga Faransa ba. Kowannenmu yana da waya mai ɗaukar murya wadda ta fi rakodar kawu kyau nesa ba kusa ba. In an yi hutu, kowa ya leƙa ƙarƙashin gadon gidansu, a Tasawa ne, a Mayahi ne, a Kanambakashe ne ko Maijirgi. In an samu kaset, kada a zubar ko da an juye shi. A zauna da mai shi a rubuta sunan makaɗi, da wanda aka yi wa waƙar, da inda aka samo ta, da shekarar in ya tuna. A juye ta dukanta, ba yanka, har da gyaran murya da hayaniyar ƴan kallo. Makaɗan da ke raye kuma a je musu da ladabi, a nemi izini, a yi musu alheri kamar yadda al'ada ta tanada, don kiɗa sana'arsu ce. Sannan a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Hausawa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Ni dai na roƙi kawu ya ba ni kwalin in tafi da shi Yamai, ya ce atafau, uwar kaset ba ta fita gida. Mun daidaita a kan in riƙa zuwa da kwamfuta duk hutu muna juye biyar biyar, shi yana faɗa mini tarihin kowace waƙa ina rubutawa. Mun gama 15 zuwa yanzu. Wanda yake da irin wannan kwali a gidansu, ya neme ni a taron ƙungiya na gaba mu haɗa hannu.

Allah ya jiƙan waɗanda suka rigaye mu, ya sa mu dace.