Asalin Alamomin Shaiɗanci na Zamani

Idan muka bi diddigin alamomin da ake jingina wa Shaiɗanci a Turai da Amurka, za mu tarar mafi yawansu na aro ne. Tauraro mai tsini biyar alamar lafiya ce a wurin almajiran Fitagoras na tsohuwar Girka. Gicciyen da aka kifa kuwa, a al'adar Kirista, na manzo Bitrus ne, wanda aka ce da kai ƙasa aka gicciye shi a Roma.

Sunan Bafomet ya yi fice bayan 1307, lokacin da Sarki Filib na Huɗu na Faransa ya kama mayaƙan Haikali, aka azabtar da su har wasu suka amsa laifin bautar gunki. A 1856 Eliphas Levi ya zana Bafomet da kan bunsuru, yana nufin daidaito tsakanin kishiyoyi. A 1897 Stanislas de Guaita ya saka kan bunsurun cikin kifaffen tauraro. Wannan zane ya zama tambarin Cocin Shaiɗan da Anton LaVey ya kafa a San Faransisko a 1966, alhali mabiyansa ba su yarda akwai Shaiɗan a zahiri ba.

Jahiltar wannan tarihi ya yi ɓarna. A shekarun 1980 tsoron tsafi ya mamaye Amurka, aka tuhumi bayin Allah ba tare da hujja ba. Wajibi ne mu san asalin alama kafin mu yanke wa mai ita hukunci.