Tarihin Gardamar Ƙa'idar Sihiri a Ƙagaggun Labarai

Duk wanda ya zauna da masu sha'awar labaran al'ajabi na Turawa, watau irin labaran nan da a ke ƙaga wata duniya dabam a zuba mata bokaye da dodanni, ya san ba su rabuwa da gardama iri biyu. Ta fari ita ce, wane jarumi ne zai ka da wane in sun gamu. Ta biyu kuwa, shin sihirin da ke cikin labari yana da ƙa'ida, ko mawallafi ne ke jawo shi duk sa'ad da labari ya cije masa. Nufina a nan in bi sawun ta biyun, gama ina ganin ita ce ta haifi ta farin.

Mawallafa ne suka fara ta da maganar. A cikin 1893 George MacDonald, mutumin Sikotlan, ya rubuta cewa mutum yana da ikon ƙaga duniya da dokokinta, amma in ya kafa su tilas ya bi su, in ba haka ba labarin ya rushe. J. R. R. Tolkien ya maimaita kusan haka a laccar da ya yi a Jami'ar St Andrews cikin 1939. Amma fa a lura, ba wanda ya ce a karanta wa mai karatu dokokin. A littafin Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito a 1954 da 1955, ba inda aka faɗi iyakar ikon Gandalf. Daga nan ne tambayar da ta fi kowace daɗewa ta fito: tun da akwai manyan mikiyoyi da kan ceci jarumai, me ya hana su ɗauki zoben su kai shi dutsen wuta, a huta da tafiyar ƙasa? Tolkien kansa ya san haɗarin. A wata wasiƙa ta 1958 ya soki wanda ya tsara labarin domin sinima saboda yawan sa mikiyoyin, ya ce shi da gangan ya taƙaita amfani da su.

Abin da ya juya al'amarin wasa ne. A 1950 Jack Vance na Amurka ya buga The Dying Earth, inda boka ba ya iya riƙe sai 'yan surkulle kaɗan a ka, kuma da ya furta ɗaya sai ya gushe masa, sai ya koma ga littafi ya sake hadda. A 1974 Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons, suka ɗauki wannan dabara. Wasa kuwa ba ya yiwuwa sai da alƙalanci, saboda haka aka ba kowane surkulle daraja da nisa da lokaci, duk da lambobi. Yaran da suka tashi da wannan wasa su ne suka zama masu karatu, waɗansunsu mawallafa, kuma sun saba da sihirin da a ke ƙirgawa kamar kuɗin kasuwa.

A Japan ma an yi haka ta wata hanya. Akira Toriyama ya soma labarinsa na zane, Dragon Ball, a 1984. Da tafiya ta yi nisa ya kawo wata na'ura da a ke maƙalawa a ido, tana nuna ƙarfin mutum da lamba: wani manomi 5, mugun sarki Frieza 530,000. Daga baya ya bar lambobin, amma masu karatu ba su bari ba, har yanzu suna lissafa wa jarumai ƙarfin da mai labarin bai taɓa faɗa ba.

Wanda ya raɗa wa ɓangarorin suna shi ne Brandon Sanderson, a wata maƙala ta 2007. Ya kira sihirin da aka bayyana ƙa'idarsa mai tsauri, wanda aka bari a lulluɓe mai laushi. Ra'ayinsa shi ne, gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci sihiri, gwargwadon yadda mawallafi zai iya warware matsala da shi. Na Tolkien ya sa shi cikin mai laushi, bai kuwa ce aibi ba ne. To, a nan mai nazarin harshe zai ga abin da ya sani. Masanin nahawu ya kan bayyana yadda mutane su ke magana, sai almajirai su mai da bayanin bulala. Haka aka yi wa Sanderson: shawarar da ya ba masu rubutu ta zama ma'aunin da waɗansu ke ka da littattafan da suka girme shi.

Dalilin kawo wannan tarihi cikin takardun sashen Hausa shi ne, ɗalibanmu sun fara shigowa aji da ma'aunin nan a hannu. Bahaushe ba baƙon ƙa'ida ba ne a wannan fage. Harshen ya rarrabe tsafi da sihiri da dabo da siddabaru, ya kuma ba layar zana da baduhu da sagau kowanne aikinsa, kuma a al'ada ba a ba da asiri sai da sharaɗi, ba kuwa asirin da ba shi da makari. Duk da haka, littattafan da gasar 1933 ta haifar ba a kan wannan aka gina su ba. Bello Kagara bai auna mana ƙarfin Ganɗoki da na aljannu ba. A Ruwan Bagaja, Abubakar Imam bai damu da ya faɗi yadda ruwan ke warkarwa ba, ko sau nawa zai yi aiki; ruwan dalilin fita ne kawai. Ɗalibin da ya rage wa littafin daraja saboda wannan, malami ya mai da shi ga wuraren da Alhaji Imam da Malam Zurƙe su ke rama wa juna, ya tambaye shi da me kowannensu ya yi nasara. Zai tarar da wayo ne da kaifin baki, kuma mai karatu yana ganin yadda aka ƙulla kowace dabara tun daga farkonta.